Muhammadu al-Katsinawi (Ya Rasu 1741): Rayuwar Masanin Lissafi da Taurari Daga Ɗan Ranko Zuwa Alƙahira

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, malamin ƙasar Katsina da ya rasu a birnin Alƙahira a shekarar 1154 ta Hijira (1741 Miladiyya). An duba muhallin da ya tashi a ciki, da malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, da tafiyarsa aikin hajji, da zamansa a Makka da Misira, sannan da littattafan da ya bari a fannonin hatimi da hisabi da taurari da nahawu da manɗiƙi. An kuma warware wasu daga cikin ƙa'idojin lissafin da iliminsa ya ginu a kansu, domin mai karatu ya ga abin da idonsa. Maƙalar ta nuna cewa a aikin al-Katsinawi lissafi da asiri a haɗe suke, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya ya jefar da ɗaya bai yi wa tarihinsa adalci ba. Daga ƙarshe an auna abin da rayuwarsa ke nunawa ga masu nazarin Hausa da masu tsara manufofin kimiyya a yau.

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, har yanzu akan sami dattijo ko malamin zaure da zai faɗa wa manomi tauraron da ake ciki, da kwanakin da suka rage kafin wani ya kama. Da wannan lissafi ake auna lokacin shuka da na noman farko da na maimai. A sararin samaniyar da waɗannan dattawa ke dubawa kuma akwai taurarin ɗan'adam na Nijeriya. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wadda aka fi sani da NASRDA, a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X suka biyo baya a watan Agusta na 2011. Daga baya rundunar tsaron ƙasa ita ma ta sami tata hukumar sararin samaniya.

Idan ana maganar waɗannan abubuwa, yawanci akan ɗauka cewa auna sama da lissafa tafiyar taurari baƙon ilimi ne da ya shigo tare da boko. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Fiye da shekara 160 kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903, wani mutumin ƙasar Katsina ya riga ya zauna a Alƙahira yana koyar da ilimin lambobi, har ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Misira ya ɗauki karatu a wurinsa. Wannan mutum shi ne Muhammadu al-Katsinawi, wanda littattafan Larabci ke rubuta nisbarsa al-Kashnawi ko al-Kishnawi.

Mafi yawan abin da aka sani na rayuwarsa ya zo ne daga tarihin Misira da Abdurrahman al-Jabarti ya rubuta, mai suna Aja'ibul Asar, da kuma daga littattafan malamin kansa. A kan waɗannan, da ayyukan manazartan da suka biyo baya, aka gina wannan maƙala.

2.0 Katsina a Zamaninsa

Katsinar da al-Katsinawi ya tashi a cikinta ta daɗe da zama gari na fatauci da karatu. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Muhammadu al-Magili ya ratsa ta, kuma Jalaluddin Suyuɗi ya aiko da wasiƙar nasiha daga Misira wadda ta ambaci Sarkin Katsina Ibrahim Sura. Bayan da rundunar Maroko ta karya daular Songhai a 1591, wani kaso na fataucin Sahara ya karkato gabas, Katsina ta zama babbar mashigar ayarin da ke zuwa daga Agadas da Gat da Tarabulus. Tare da hajar fatake littattafai da takarda suke shigowa.

A ƙarni na 17 birnin ya haifar da malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. A wajen birni kuma akwai garuruwan malamai da fatake kamar 'Yandoto da Kurmin Ɗan Ranko, waɗanda ke kan hanyar Gwanja ta fataucin goro. Irin waɗannan garuruwa sun tara Wangarawa da Fulani da Barebari da Hausawa, kowa da silsilar karatunsa.

Manhajar wancan zamani ba ta tsaya ga fiƙihu da tauhidi da lugga ba. Mai raba gado yana buƙatar lissafin kaso. Liman da ladan suna buƙatar sanin lokutan salla da alƙibla. Manomi da matafiyi suna buƙatar sanin taurari. Saboda haka hisabi da ilimin lokuta suna cikin abin da almajiri mai zurfi yake nema, kuma daga nan ne wasu ke zarcewa zuwa abin da ake kira ilimin asirai, wato hatimi da haruffa da ramli.

3.0 Asalinsa da Karatunsa

Cikakkiyar nisbarsa, kamar yadda ta zo a tarihin al-Jabarti, ta haɗa abubuwa huɗu: Bafulatani ne, Bakatsine ne, mutumin Ɗan Ranko ne, kuma ɗan ƙasar Sudan, wato ƙasar baƙar fata. A mazhaba Bamalike ne, a aƙida Ba'ash'are, kamar sauran malaman yankin.

An ambaci malamai huɗu da suka fi tasiri a kansa. Na farko shi ne Shaihu Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, Bafulatanin malami da ake danganta shi da Barno da Bagirmi. Al-Wali ya yi suna da sharhinsa a kan ƙaramar aƙidar Sanusi, mai suna Manhajul Farid, wanda ya samo asali daga karantarwar da ake yi da Fulatanci, da kuma wata risala da ya rubuta a kan haramcin shan taba. Sauran ukun su ne Shaihu Muhammadu Bindu da Shaihu Hashimu da Shaihu Muhammadu Fodu.

A wurin Shaihu Fodu ya karanci adabi da nahawu da sarfu. Ya lazimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kuma a kan hanya idan malamin ya yi tafiya. Tun kafin nan ana yi masa laƙabi da littafin Muƙamat, saboda ya haddace shi kuma lafuzzansa na kan harshensa. Da ya ƙware a nahawu sai malamin nasa ya riƙa kiran sa da sunan Sibawaihi, babban malamin nahawun Basra. Wanda ya san zaure ya san malami ba ya saurin yi wa almajiri irin wannan kirari.

A wurin Shaihu Bindu kuwa ya sami ilimin da ya fitar da sunansa. Shi ya koya masa hatimi da hisabi da ilimin lokuta bisa tsarin malaman Magrib. A wurinsa kuma ya karanci usulu da balaga da manɗiƙi da littattafan aƙida na Sanusi da Alfiyyar Iraƙi ta ilimin hadisi, ya saurari Sahihul Buhari da babban kaso na Muhtasar Halil. Wannan jeri yana da muhimmanci ga mai nazari. Malamin da ya koyar da hatimi shi ne dai ya koyar da Buhari da Muhtasar, a zaure ɗaya. Rabuwar da ake gani yau tsakanin malamin fiƙihu da malamin tsibbu da malamin lissafi ba haka take ba a idon mutanen wancan lokaci.

4.0 Hanyar Hajji da Zaman Makka

Bayan ya ƙoshi da karatun gida, sai ya ɗaura niyyar hajji. A wancan zamani mahajjatan ƙasar Hausa hanya biyu suke bi: ko dai su yi arewa ta Fezzan su faɗa Misira, ko su yi gabas ta Barno da Bagirmi da Wadai da Darfur har Bahar Maliya. Kowace aka bi, tafiya ce ta watanni da yawa, sau da yawa ta shekaru, domin malami yakan yada zango ya karantar ko ya yi karatu kafin wani ayari ya tashi.

Haka al-Katsinawi ya yi. Ya ratsa ƙasashe da dama, ya sadu da sarakunansu da malamansu, ya amfana da su, su ma suka amfana da shi. A wani zango ya zauna wata biyar wurin wani malami yana karanta ramli da littattafan hisabi. Ya rubuta labarin wannan tafiya a cikin wani littafi na rihla, wanda al-Jabarti ya ambata.

Ya yi aikin hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wadda watan Zulhajjinta ya faɗo a tsakiyar 1730. Bai juyo gida tare da ayari ba, sai ya zauna maƙwabtaka da Ɗakin Allah. A Makka ne ya fara rubuta littafinsa mafi girma, Durrul Manzum wa Hulasatus Sirril Maktum, a kan ilimin ɗalasimai da taurari. Daga nan ya wuce Misira, inda ya ƙare sauran rayuwarsa.

5.0 Alƙahira da Gidan al-Jabarti

Alƙahira ta wancan lokaci babban birnin lardin Misira ce a ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkiyya, kuma masallacin Azhar shi ne cibiyar karatunta. A Azhar akwai ɓangarorin kwana da karatu da aka keɓe wa ɗaliban ƙasashe daban-daban, har da na mutanen Barno da na Jabartawa, wato Musulmin yankin Habasha da Zaila. Al-Katsinawi ya fara zama a unguwar Darbul Atrak, kusa da Azhar. Shekarunsa na farko a Misira su ne mafi albarka a rubutu: ya kammala Bahjatul Afaƙ a 1145 ta Hijira, sannan ya kammala Durrul Manzum a watan Rajab na 1146, wato tsakanin Disamba 1733 da Janairu 1734.

A nan ne ya ƙulla zumunci da Shaihu Hasan al-Jabarti, malamin mazhabar Hanafiyya wanda ya rasu a 1774. Shaihu Hasan ya shahara da falaki da handasa da ƙera na'urorin auna lokaci da gyaran ma'aunai. Ɗansa ya ba da labarin wani gwamnan Misira mai suna Ahmad Basha, wanda ya zo a wajajen 1749 yana son ilimin lissafi, ya tambayi manyan shaihunan Azhar bai sami mai gamsar da shi ba, har aka nuna masa Shaihu Hasan. To, wannan Shaihu Hasan ɗin a wurin Bakatsine ya ɗauki ilimin hatimi da dabarun rarraba haruffa da lambobi. Wannan shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a auna matsayin al-Katsinawi da shi. Ya je Misira da ilimin da ya samo a zaurukan Katsina da Barno, kuma ilimin ya sami masu nema a birnin Azhar.

A gidan Shaihu Hasan ya rasu a 1154 ta Hijira. Kafin rasuwarsa ya naɗa mai masaukin nasa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya adana mana wannan labari, an haife shi ne a 1753, kimanin shekara 12 bayan rasuwar malamin. Ke nan bai gan shi ba. Abin da ya rubuta ya same shi ne daga bakin mahaifinsa da kuma takardun da baƙon ya bari a gidansu. Da littattafan sun watse bayan jana'iza, da wuya a ce sunan malaman Katsina irin su Bindu da Fodu ya iso gare mu ta wannan hanya.

6.0 Iliminsa da Rubuce-rubucensa

Ban da littattafan biyu da aka ambata da kuma rihlarsa, ya rubuta Bulugul Arab a fannin nahawu, da wata waƙa ta manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wadda shi da kansa ya yi mata sharhi. Amma abin da ya fi jan hankalin manazarta shi ne fannoni uku.

6.1 Hatimi

Abin da malaman ƙasar Hausa ke kira hatimi, Larabawa kuma wafaƙi, zane ne mai gidaje daidai wa daida a tsaye da kwance, a zuba lambobi a ciki ta yadda jimillar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, za ta zama ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, wanda ake danganta wa Imam Gazali. Layinsa na sama 4 da 9 da 2, na tsakiya 3 da 5 da 7, na ƙasa 8 da 1 da 6. Ta ko'ina aka haɗa, 15 za a samu.

Wannan jimilla tana da ƙa'ida. A ɗauki adadin dukkan gidajen, a ƙara ɗaya, a ninka da adadin gidajen layi ɗaya, sannan a raba biyu. A mai gida tara, 9 da 1 sun zama 10, sau 3 ya zama 30, rabinsa 15. Mai gida 25 jimillarsa 65, mai gida 49 kuma 175. Haka nan hatimi mai gida tara asalinsa guda ɗaya ne tak, amma idan aka juya shi ko aka kifa shi yana ba da fuskoki takwas.

Wahalar tana wajen zuba lambobin. Malaman wannan fanni sukan bayyana hanyar da tafiyar 'ya'yan shaɗaranji, darar Larabawa da Farisawa. A hatimin da ke sama, daga 1 zuwa 2 da daga 2 zuwa 3 tsallen doki ne, wato gida biyu a miƙe da ɗaya a gefe. Daga 3 zuwa 4 taki ɗaya ne sama. Daga 4 zuwa 5 zuwa 6 tafiya ce a karkace. Daga nan sai taki ɗaya sama zuwa 7, sannan tsallen doki biyu su kai 8 da 9. Bahjatul Afaƙ ya tattara hanyoyi irin waɗannan na gina hatimai masu layin mara, wato masu gida uku ko biyar ko bakwai a kowane layi, ta yadda wanda ya riƙe ƙa'idar zai iya gina babba ba tare da lalube ba.

Al-Katsinawi bai ƙagi wannan fanni ba. Tun ƙarni na 10 Abul Wafa al-Buzjani ya yi rubutu a kansa, Ihwanus Safa suka kawo misalansa, sannan Ahmad al-Buni ya cuɗa shi da asiran haruffa a ƙarni na 13. Gudummawar Bakatsinen ita ce tattarawa da tsarawa da warware abin da ya shige wa ɗalibai duhu, kamar yadda sunan littafin kansa ya nuna. Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatun Ingilishi a littafinta na 1973 a kan lissafin Afirka, Jacques Sesiano kuma ya nazarci hanyoyinsa a 1994.

6.2 Hisabi da Ramzi

Fanni na biyu shi ne ba kowane harafi adadi bisa jerin abajada. A nan akwai wani bambanci da ya shafi masu nazarin ajami kai tsaye. Tsarin Magrib, wanda ƙasar Hausa ta gada, ya saɓa wa na Gabas a haruffa shida. A Magrib sadi 60 ne, ladi 90, sin 300, zadi 800, gain 900, shin 1000. A Gabas kuwa sin 60 ne, sadi 90, shin 300, ladi 800, zadi 900, gain 1000. Shekarar rasuwar al-Katsinawi, 1154, idan Bakatsine zai rubuta ta da haruffa sai ya jera shin da ƙaf da nun da dal. Bamisire kuwa da gain zai fara. Malamin da ya tashi a kan tsarin farko ya koma koyarwa a ƙasar tsari na biyu dole ne ya riƙe duka biyun.

Wannan shi ne tushen ramzin da marubuta waƙoƙin ajami ke rufe waƙoƙinsu da shi. Duk manazarcin da ya warware ramzin waƙar Hausa ta ƙarni na 19 da tsarin Gabas, zai ɓata shekarar da ɗaruruwa. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazarin bayanin al-Katsinawi a kan ramzi tun 1967, a mujallar cibiyar adana takardun Larabci ta Jami'ar Ibadan.

6.3 Taurari

Ilimin lokuta da ya karanta a wurin Shaihu Bindu ya ginu ne a kan buruji 12 da masaukan wata 28. Waɗannan masaukai su ne taurarin da manomi ke ƙirgawa. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da dari. Na damina su ne Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, sai Jabha mai kwana 14, jimilla ta ba da 365. Da haka al'ummar da ke bin watannin Hijira don ibada ta riƙe shekarar rana don noma.

Durrul Manzum ya wuce nan. An gina shi a kan Sirrul Maktum, littafin da ake danganta wa Fahruddin ar-Razi, wanda ya rasu a 1210, kuma ya shiga batun tasirin taurari bakwai masu tafiya da zaɓen sa'a da haɗa ɗalasimai. An buga shi a Alƙahira a 1961, kuma har yau yana hannun masu wannan sana'a.

7.0 Matsayinsa a Yau

A nan ne mai nazari ke fuskantar matsala. Malaman shari'a sun daɗe da bambanta ilimin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da shi, da da'awar tasirinsu a kan al'amuran mutane. Na farko halal ne, wani lokaci ma wajibi, na biyu kuwa sun yi masa kakkausan suka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albabi, ya soki masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari. Wannan ya sa wasu ke kau da kai daga al-Katsinawi gaba ɗaya. Wasu kuma, musamman a rubuce-rubucen intanet, sukan tuɓe masa rawaninsa su mai da shi farfesan lissafi irin na jami'ar zamani, su ɓoye batun ɗalasimai. Kowanne daga cikin biyun ya rage wani abu daga mutumin.

Tarihin kimiyya a ko'ina haka yake. Johannes Kepler, wanda ya gano dokokin kewayen duniyoyi, yana yi wa manya duban taurari. Isaac Newton, wanda ya rasu a 1727, shekara uku kafin hajjin al-Katsinawi, ya ɓata shekaru yana binciken alkimiyya. Hatimi kansa ya ci gaba da rayuwa a hannun masana lissafi: Leonhard Euler ya yi rubutu a kan wani nau'insa a 1782, kuma irin wannan tsari ne Ronald Fisher ya yi amfani da shi a shekarun 1920 wajen tsara gwajin iri da taki a gonakin bincike. Ƙa'idar jimillar hatimi gaskiya ce ko da wace niyya aka zana shi. Mai nazari na iya karɓar lissafin, ya bar hukuncin asirin ga ma'abota shari'a, ya kuma faɗi cewa a wurin mai littafin abu ɗaya ne.

Akwai darussa uku na aiki. Na farko ya shafi harshe. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021 da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure suna ɗaukar ɗalibai da yawa waɗanda suka fara da allo. Hausa tana da tsofaffin kalmomi na wannan fage, irin su buruji da falaki da hisabi da Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta. Masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin kimiyya ya kamata su fara da wannan rumbu kafin su yi aro.

Na biyu ya shafi isar da sakamakon kimiyya. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa tana fitar da hasashen damina kowace shekara, kuma bayanan taurarin ɗan'adam na cikin abin da ake dogara da shi. Manomin Gwiwa ko Roni da ke lissafi da Han'a da Zira'a zai fi saurin fahimtar hasashen idan an daidaita masa shi da ma'aunin da ya sani. Haka batun ganin wata, inda kwamitin da ke ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke haɗa shaidar ido da lissafin falaki.

Na uku ya shafi tsaron takardu. A Janairu 2013 an ƙona dubban rubuce-rubucen hannu a Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu. Yankin kudancin Katsina da gabashin Zamfara, inda tsofaffin garuruwan malamai suke, yana fama da 'yan bindiga, kuma idan mutane suka gudu daga gari, ba kasafai ake ɗaukar gafaka ba. Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan nazarin Hausa da Larabci na jami'o'i suna da aikin ɗaukar hoton waɗannan takardu tun suna nan, musamman na hisabi da taurari, waɗanda aka fi yin sakaci da su saboda ana yi musu kallon kayan tsibbu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi Muhammadu al-Katsinawi daga Ɗan Ranko, ta zaurukan al-Wali da Bindu da Hashimu da Fodu, zuwa hajjin 1730 da zaman Makka, har rasuwarsa a gidan Hasan al-Jabarti a 1741. An ga cewa ilimin da ya kai Misira a gida ya same shi, kuma ya haɗa nahawu da manɗiƙi da fiƙihu da lissafi da asirai. An kuma ga cewa hisabin da ya yi bayani shi ne mabuɗin ramzin waƙoƙin ajami, kuma ilimin lokutan da ya karanta yana raye a bakin manoma.

Aikin da ya rage a gaban masu nazarin Hausa bayyananne ne. Bahjatul Afaƙ yana buƙatar a tace shi daga kofe-kofen hannu, a fassara sassansa na lissafi zuwa Hausa, tare da haɗin gwiwar malamin Larabci da malamin lissafi. Lissafin taurarin noma na ƙasar Kazaure da maƙwabtanta yana buƙatar a rubuta shi daga bakin dattawan da suka riƙe shi, a gwada shi da bayanan ruwan sama na shekaru. Allah Ya jiƙan Malam Muhammadu da malamansa, Ya sa a amfana da abin da yake mai amfani a cikin iliminsu.